Tsoro da Man Shanu

Dakoro, ranar Talata.

Sakina,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya a Maraɗi, ke da gwaggonki da mutanen gidanta duka. Allah Ya tsare ki inda kike, Ya tsare ki inda za ki. Mu nan ƙalau muke. Labarin gida ba zan ba ki ba, don ba shi ya zaunar da ni rubutu ba.

Na ga kiranki na jiya, na ga na shekaranjiya. Wayar lafiyarta lau, ni ce ban ɗauka ba. In na ɗauka cewa za ki yi "Mama, tsaya ki ji," ki jero mini hujja bayan hujja yadda aka koya muku, kafin in haɗiye yawu kin kada ni. Takarda kuwa ba a katse ta. Da Hausa na rubuta da gangan, don kada ki karanta kina gyara mini Faransanci a cikin zuciyarki. Fushi nake yi da ke, Sakina, fushin da ban taɓa yi da ke ba tun da na haife ki, kuma ba na son ki hau motar Yamai ki shiga jami'a ba ki san dalili ba.

Kin tuna muhawarar ƙarshen shekara ta lisenku, makarantarku ta sakandare, da aka kafa rumfa a fili aka gayyato iyaye. Ni na ci ado kamar mai zuwa biki na zauna gaba-gaba, ina ta gaya wa na kusa da ni cewa waccan mai farin kallabin ɗiyata ce. Abin da aka ba ku ku yi gardama a kai shi ne ƴaƴan makiyaya: a kawo su gari su yi lakwal, wato makarantar boko, ko lakwal ta bi su can inda suke. Ke kina ɓangaren gari. Abokiyar karawarki Fatimata ce, yarinyar Azagor, siririyar nan da ke zaune gidan Hajiya Mariyama. Kuma ta fi ki hujja a ranar, ko kin ƙi ko kin so. Ita ba a littafi ta karanto ba. Ta faɗi yadda aka raba ta da uwarta tun ba ta gama famfara ba, aka ajiye ta gidan mutanen da ba ta jin harshensu. Na dube ki, na san kin ji jiki.

Sai kika ce ai makiyaya tsoron lakwal suke yi. Ta ɗaga kai ta ce, "Mu ba mu da tsoro." Da Faransanci ta faɗa. A Faransanci tsoro *per* ne, man shanu kuma *ber*. Harshensu ba shi da *p*, kamar yadda namu ba shi da ita. Sai bakinta ya ce ba su da man shanu.

Kowa ya ji, kowa kuma ya gane abin da take nufi, aka yi shiru za a wuce wurin. Ke ce ba ki bari an wuce ba. Kika jawo mikro, kika yi murmushi, kika ce da Faransancin nan naki mai tsabta, "Makiyaya ba ku da man shanu? To shanun naku aikin me suke yi?" Rumfa ta fashe. Mushen nan, malamin da ke alƙalanci, ya toshe baki da hannu, kafaɗunsa na rawa. Yara suka ɗaga wayoyi. Fatimata ta ajiye mikro a hankali ta zauna. Ke kika ci, aka tafa miki.

A hanyarmu ta gida na ce miki abin nan bai yi mini daɗi ba. Kika ce, "Haba Mama, ai muhawara ce, kowa da makaminshi. Kuma wasa na, mu da su ai akwai wasa." Bak, jarrabawar fita lise, na gabanki, sai na ce bari a gama ta. Aka gama, kika ci, murna ta ɗauke ni, na bar maganar ta kwanta. Wannan wautata ce. In abu ya tsaya miki a wuya game da wanda kike so, ki faɗa da zafinsa, kada ki jira lokacin da ya dace, don lokacin ba ya zuwa.

Ranar Lahadi na je suna unguwarmu ta baya, na tarar da Hajiya Mariyama. Gaban mata ta dube ni ta ce, "Madam, an ce ɗiyarki ta tahi? Allah shi sa alheri. Tawa kam ta koma Azagor." Na ce hutu ta je? Ta ce, "Wane hutu? Ta ci bak ɗinta sarai, amma ta ce ba ta zuwa ko'ina. Abin ga ya kai har can cikin waya. Yara na bin ta suna Ber, Ber. Ubanta ya zo da kainai ya kwashe kayanta. Ya ce dama da ƙyar ya yarda, kuma shi bai ba da ɗiyatai lakwal don a maishe ta abin dariya ba." Aka ajiye mini kwanon tuwo, ban iya sa hannu ba. Na saci jiki na dawo gida.

Babanki ya ce in bar zancen, yara ne. Shi haka yake, in rufin ɗaki ya faɗo masa zai ce a bari a ga abin da gobe za ta yi. Ni ba zan bari ba, kuma yanzu zan gaya miki abin da ban taɓa gaya miki ba.

Lokacin da na shiga jami'a, mata ƴan kaɗan ne mu, ana iya nuna mu da yatsa. Daga wajen nan namu kuwa mu biyu ne, ni da Ramatu ta Sabon Maci, ɗakinmu ɗaya. Zamanin gardama ne. Ba a mako sai an yi babban taron ɗalibai ƙarƙashin itatuwa, mutum ya hau tebur ya ce "Kamarad!" dubban baki su amsa. Kowa kamarad ne, wai babu babba babu yaro, babu mace babu namiji. Na yarda da wannan har zuciyata. Na ga samari da ba su da takalmi biyu suna magana kan mulkin mallaka da makomar Afirka har tsigar jikina ta tashi. Wasunsu da gaske suke, ba zan ci haƙƙinsu ba. Wasu kuwa muryarsu kawai suke son ji.

Mu mata damuwarmu ba ta kai Afirka girma ba. Kar ce, motar da ke kwasar ɗalibai daga masauki zuwa wurin darasi da safe. In ta tsaya, maza su yi mata caa, wasu ta taga suke shiga. Mace ko dai ta kutsa cikinsu a matse ta, a taɓa inda aka ga dama, ko ta tsaya ta taka da ƙafa ta tarar an yi nisa da darasi. Abin da muke so kaɗan ne: a bar mana ƙofar gaba, maza su bi ta baya. Muka kai maganar ga shugabannin taro, suka ce za a sa ta cikin *diber*, wato tarkacen da ake taɓawa a ƙarshe in lokaci ya ragu. Taro bayan taro lokaci bai ragu ba. Da muka matsa, aka ce to mu fito da mai magana. Matan suka ce ni, don ni ce mai baki a ɗaki.

Kuskurena na farko tun kafin in hau teburin na yi shi. Maimakon in shirya abin da zan faɗa, sai na shirya yadda zan burge su. Na ari manyan kalmominsu na haddace. Kuma tsoro ɗaya ya cika mini ciki, kada in ce *f* a wurin *p*, don da wannan ake gane Bahaushe ana kwaikwayonsa. Mu nan ma ko *f* ɗin ba mu cika faɗa ba, "hwaɗi" muke cewa, "tahi" muke cewa. Na yini ina taka ɗaki ina *pa, pe, pi, po*, Ramatu na dariya tana cewa, "Ke Hadiza, leɓonki zai kumbura." Ki ji ni da kyau: ranar da za ki tsaya gaban mutane, ki riƙe abin da ya kai ki, ki bar wa bakinki sauran. Wanda ya tashi don ya burge, rabin hankalinsa na kan kansa.

Aka ba ni mikro rana ta yi sanyi, mutane sun gaji, wasu sun fara kaɗe wando. Na hau. Na so in ce, "Kamarad, ku dubi wannan taro, kowa a cikinsa mace ta haife shi." Taro a Faransanci *ful* ne. Bakin da ya yini yana *pa, pe, pi* sai ya ce *pul*. *Pul* kaza ce, kuma kin san wace irin mace samari ke kira da wannan suna. Ga ni tsaye kan tebur, hannuna a kan ƙirjina, ina cewa ku dubi wannan kaza.

Nan ma an yi ɗan shiru, irin wanda aka yi a rumfarku. Da an bar shi da ya wuce. Sai wani dogo ɗan fannin shari'a, ba zan ɓata takardata da sunansa ba, ya dafe ƙugu ya yi kukan kaza. Shi ke nan. Kamarad dubu suka kama kurkyat-kurkyat, wasu na kaɗa gwiwar hannu kamar fiffike. Shugaban taro na buga tebur wai a yi shiru, shi ma hawayen dariya na zubo masa. Waɗannan su ne masu ƴantar da Afirka.

Na sauka, kuma wannan ne kuskuren da ya fi ci mini rai har yau. Da na tsaya! Da na bar su sun gama, in ce, "To kaza ta ji, yanzu ƙofar kar fa?" Dariya ba ta daɗewa, numfashi ke ƙare mata. Amma na ajiye mikro na sauka, aka rufe taro, ba a ko ɗaga hannu kan maganarmu ba. In aka yi miki dariya a Yamai, kuma za a yi, don can akwai waɗanda Faransancinsu ya taka naki, ki kafe ƙafarki ki jira. Ki maimaita maganarki da ƙaramar murya har su gaji su saurara.

Ba a ƙara tada zancen ƙofa ba, don duk wadda aka ce ta tashi sai ta ce ita ba ta son zama kaza ta biyu. Ana gab da jarrabawa aka ture Ramatu a bakin kar, ta faɗi kan hannunta na dama, ya karye a wuyan hannu. Ba ta rubuta jarrabawa ba. Ƴan'uwanta suka zo suka tafi da ita gida wajen mai ɗori, ba su sake barin ta dawo ba. Ramatu ta fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, lissafi take karantawa. Kin san ta, ita ce mai aiko mana da wake duk kaka, wadda kike cewa hannunta a karkace yake. Ban ce kukan kaza ne ya karya ta ba. Amma na san abin da aka taru a yanke a ranar, na kuma san abin da ya hana a yanke shi.

Sunan kuwa ya bi ni. Pul a wurin cin abinci, Pul a aji, Pul a bakin titi. Sai na yi wata wautar: na fara amsawa, har ina taya su dariya, don a ce ba ni da riƙo. Ban ƙara ɗaga hannu a taro ba har na gama, ko a aji sai an kira sunana. Kada ki taɓa taya mutane dariyar da ke yanka ki. Ba su ganin haƙurinki, izini suke gani.

Kin ce wasa ne. Ni za ki koya wa wasa? Na girma ina ganin kakarki da Bafulatanar da ke kawo mana nono suna zagin juna har su faɗi don dariya. Wannan ta faɗa, waccan ta rama, a rabu kowa haƙoransa a waje. Wasa ke nan. Fatimata ta rama? Kin bar mata wurin ramawa? Ke kina da mikro, kina da taron garinku a bayanki, ita tana da harshe na uku a bakinta. Na uku, Sakina! Da nasu ta tashi, ta koyi Hausa a gidan mutane, ta koyi Faransanci a aji. Ke da kike taƙama, faɗa mini kalma biyar da harshensu. Kin ga za ta kada ki da hujja, sai kika bar hujjar kika kama bakinta. Wannan ba gwaninta ba ce, ragwanci ne, kuma na ji kunyar tafin da aka yi miki.

Dogon nan na sake ganinsa. Ina koyarwa a Bader Gula, shekaru sun ja, ya zo cikin wata tawaga daga birni, ya yi tumbi, ana riƙe masa jaka. Aka jera mu muna gaishe su. Ya ƙura mini ido, fuskarsa ta washe, ya ce, "A'a! Pul! Ashe nan kike?" Gaban ɗalibaina. Da murnarsa fa, kamar ya ga ƴar'uwa. Ya juya yana ba abokan tafiyarsa labari, suna dariyar ladabi. Sunana na gaskiya bai sani ba, bai taɓa sani ba. Maganar ƙofar kar kuwa ko alamarta babu a kansa. Shi a wurinsa wani abin daɗi ne na ƙuruciya. Ranar da na dube ki a rumfa kina murmushi da mikro a hannu, fuskarsa na gani a kan taki. Kin san abin da uwa ke ji in ta ga haka?

Kuma kada ki ɗauka na wanke kaina. Wa ya ba ki bakin? Kin tuna kina ƙarama, ina zaunar da ke kan tabarma in riƙe ƴar takarda gaban leɓonki, in ce ki ce *pa* har takardar ta motsa? In ba ta motsa ba mu sake. Kina kuka kina son tafiya wasa, ina cewa saura kaɗan. Rantsuwa na yi babu mai yi wa ɗiyata kukan kaza. Na koya miki *p*, ban gaya miki dalili ba, don ina jin kunyar ki san an taɓa yi wa uwarki haka. Na ɓoye miki ciwon na ba ki makamin kawai. Ga inda kika kai shi.

Jami'ar da za ki, gardama ba ta ƙare a cikinta ba, na sani. Za a yi taro kan abinci, kan masauki, kan yajin karatu, za a kira ki kamarad. Ban ce ki kama bakinki ba, ko kusa. Waɗanda ke ce miki mace ba ta shiga taro, ki gaishe su ki wuce. Ki shiga, ki yi magana, ki kada wanda za ki kada. Amma ki kada shi kan abin da ya faɗa. In ɗan ƙauye ya tashi harshensa na tuntuɓe, ki saurari abin da ya taso da shi daga wurin zamansa, don mai irin wannan baki ba ya tashi a banza. In shirun nan ya faɗo bayan wani ya yi kuskure, ki sani duk taron jira yake mutum ɗaya ya ba shi izini. Kada ki ƙara zama mutumin nan.

To, ga abin da ya rage. Ba a rufe ɗaukar ɗalibai a jami'a ba tukuna, na tambaya saboda Fatimata. Ranar kasuwa motar Azagor za ta tashi bayan azahar, na gaya wa direba mu biyu ne. In kin taso daga Maraɗi da safe za ki riske ni. Tafiyarki Yamai ta ɗan jira, jami'a ba ta gudu. Za mu je gidan mahaifin Fatimata. Za ki zauna ƙasa, ki cire takalmi, ki faɗi abin da kika yi da Hausa, ba ado, ba "amma", ba "in na ɓata miki rai". Ki ce ta fi ki hujja, kika ji tsoro, kika yi abin da kika yi. Kuma a ɗauka a waya, da fuskarki a fili, tunda ta waya cutar ta je musu. Na san abokanki za su gani. Su gani mana.

Ban yi miki alkawarin za su karɓa ba. Mutumin zai iya barin mu tsaye a rana, kuma yana da gaskiya. Fatimata za ta iya ƙin fitowa. Ko ta fito ta yafe, ta ce duk da haka ba ta zuwa. Wannan ba ya hannunmu. Abin da ke hannunmu shi ne kada yarinyar nan ta kai shekaruna tana jin zafin abin da wadda ta yi shi ta manta.

In ba ki zo ba ni zan tafi. Zan durƙusa da furfurata gaban mutumin da ban taɓa gani ba, in ce ni na haife ta, ni na koya mata magana. Babanki ya tambaye ni, in mutumin ya ce ina ita ɗiyar taki, me zan ce masa. Ƙarya dai ba zan yi don in rufa miki asiri ba.

Albarka kuwa ba na ciniki da ita. Na sa miki tun ranar da aka ɗora mini ke a cinya, ban janye ba, ba kuma zan janye ba. Ina son ki, shi ya sa abin ya yi mini zafi haka. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya haɗa ki da abokan kirki, Ya kare ki daga sharrin mutane, Ya kare mutane daga sharrin bakinki. Ki gaida gwaggonki, ki ce na gode da ɗawainiya. Allah Ya kiyaye hanya, ko wace mota kika shiga a tashar Maraɗi.

Mahaifiyarki,
Hadiza